Rasuwar Jatau, Akwatin Wasiƙa na Bakin Kasuwar Argungu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci da ruwa ya kasa wankewa daga maƙogwaro, Goggo Laure 'yar Hodi Maƙeri, ta unguwar maƙera a garin Argungu, Jihar Sakkwato, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na kusa da na nesa, da duk wanda ya taɓa lasar kan sarki ya manna a ambulan, rasuwar dattijon gidanta kuma abokin zamanta, Jatau, tsohon akwatin wasiƙa na bakin kasuwa. Ya rasu a Birnin Kebbi wata ranar Talata da hantsi, ba a tsaye kamar yadda ya rayu ba, ba kuma a gidansa ba. Masu yawo da magana suna cewa tsufa ne ya ɗauke shi, Goggo Laure ta ce a gaya musu ƙarya suke yi.

Ba wanda ya san ranar haihuwar marigayi. A ƙasar Turawa aka zuba shi, ya sha jirgin ruwa, ya sha jirgin ƙasa, ya ƙarasa Argungu a bayan wata babbar mota tun zamanin En'e, lokacin Goggo Laure ba ta fara ɗaura zane a ƙirji ba. Ya iso ja wur kamar nunannen barkono, tsawonsa tsawon gajeren mutum, ga ƙaton kai, ga baki guda ɗaya a ƙasan goshi. Yaran gari ne suka raɗa masa suna Jatau tun kafin a sauke shi, kuma sunan ya bi shi har ƙarshe. Wajen saukewar ne igiya ta tsinke, ya faɗo da ciki, ƙofarsa ta rabe biyu. Haka ƙarfen zubi yake, yana da ƙarfi amma ba shi da haƙuri, ba ya lanƙwasa sai dai ya fashe. Aka ce kafin wata ƙofar ta zo daga inda aka yi shi sai an ci wata kaka. Nan wani ya ce a kira Hodi.

Ya kamata masu karanta wannan sanarwa, musamman 'yan bana-bakwai, su san ko su wane ne gidan su Hodi. Kakanninsa ba sayen ƙarfe suke yi ba, yin sa suke yi. Su haƙo tama a gindin dutse, su gina dogon murhu na yumɓu, su cika shi da gawayin ƙirya, su yi ta zuga har dutse ya saki abin da ke cikinsa. Duk fartanyar da ta shiga fadamar Rima a wancan zamani, duk ƙugiyar da ta kamo giwan ruwa, daga wutarsu ta fito. Amma a lokacin da Jatau ya zo sana'ar ta riga ta kwanta ciwo. Tarkacen motoci ya fara shigowa, ƙarfe ya yi araha, ba mai wahalar haƙar tama. Abin da ya rage wa Hodi shi ne dunƙule guda na narkin ƙarshe da mahaifinsa ya yi, yana ajiye a ƙarƙashin gado, ya hana shi zama lauje, ya hana shi zama gatari. Shi ya ɗauko ya ƙera wa Jatau ƙofa.

Hodi bai da ɗa namiji. An haifa masa, amma ba su zauna ba. Saboda haka Laure ce ta zauna a bayan zugazugi, ƙananan hannayenta suna hawa suna sauka, hayaƙi yana cin idonta. Har yau tana jin muryarsa.

“Zuga, Laure. Bar kallon wuta, kalli hannuna.”

Da aka gama, ya buga ɗigo uku a cikin ƙofar, shaidar gidansu, a wurin da ba mai gani sai wanda ya buɗe. Aka kafa Jatau a bakin kasuwa, aka ɗaura masa ƙofar, aka rufe. Ƙofar ta ce gau. Tun daga ranar ya zama jikinsa na Turawa, ƙirjinsa na Kabawan Argungu, kuma Goggo Laure ta ce duk wanda ya san marigayi ya san wanne ne ya fi aiki.

Marigayi mutum ne mai ƙarancin magana. Abin da aka ji daga bakinsa duk tsawon rayuwarsa bai wuce huɗu ba. In an jefa masa wasiƙa, murfin bakinsa ya ce ƙwal. In Dikko masinja ya jingine kekensa da la'asar ya sa mabuɗi, ƙofar ta ce ƙiii, in ya kwashe ya mayar ta ce gau. Sai kuma da damina, in iskar hadari ta taso daga fadama ta ratsa bakinsa, yakan yi wani gunji can ƙasa-ƙasa, kamar tsohon da aka tasa daga barci. Ban da waɗannan ba a taɓa jin sa ba.

Amma abin da ya haɗiye, Allah kaɗai ya san yawansa. Ya haɗiyi wasiƙun matan soja a shekarun yaƙi. Ya haɗiyi na ɗalibai masu roƙon a aiko musu da garin rogo, da na fataken albasa zuwa Kurmi, da ƙorafi, da neman aure, da takardar saki. A kasuwar da asiri ba ya kai azahar, shi bai taɓa fesa na kowa ba. Bai san babba ba, bai san yaro ba, malamin alƙali da mai tallan kifi baki ɗaya ya buɗe musu. Bai taɓa barin wurin aikinsa ya tafi gaida wani mai muƙami ba. An ɗaure masa jakai ya yi haƙuri, an manna masa hotunan 'yan siyasa kala-kala bai bi ko ɗaya ba. Makafi sun san sun iso kasuwa in sandarsu ta taɓa shi. Masoya sun yi alkawari a gindinsa, wasu sun zo, wasu ba su zo ba, shi dai kullum yana nan. Don kada a ce an yi son kai, yana da aibi guda: da bazara duk wanda ya jingina da shi sai ya ƙona masa baya. Wannan ma Goggo Laure ta ce laifin mai jingina ne.

Ita ba ta taɓa jefa masa wasiƙa ba. Ba ta rubutu, kuma duk nata ba su wuce inda ƙafa ko kwalekwale ke kaiwa ba. Sai dai bayan ta auri Sama'ila masunci, ta kama suyar kifi, ba ta yarda ta kafa kaskonta ko'ina ba sai kusa da Jatau. Kullum da safe kafin ta hura wuta takan goge masa ƙofa da bakin zanenta. Mutane suna dariya, ba ta kula ba.

Da Hodi ya rasu aka zauna rabo. Aka bar mata gidan da take ciki. Amma uwar maƙera, da masabar dukan ƙarfe, da awartaki, da zugazugin da ta girma a bayansa, dattawan dangi suka tattara suka miƙa wa Atiku, ɗan ƙanen Hodi, wanda ko sau ɗaya bai taɓa kai azahar a gaban wutar nan ba. Suka ce mace ba ta gadon wuta. A lokacin mace ba ta ja da dattawa. Atiku bai yi shekara biyu ba ya sayar da zugazugin, ya kwashe sauran ya koma Birnin Kebbi. Can ya buɗe gidan zubi irin na zamani: tsohon duro da aka shafe cikinsa da yumɓu, injin hura iska, baƙin mai a madadin gawayi. Ba ya ƙira, narkawa yake yi ya zuba a yashi. Ya yi suna, ya ajiye tumbi, ya je Makka. Ya zama duk faɗin Argungu ba inda aikin hannun Hodi ya rage a tsaye inda 'yarsa za ta gani sai ƙirjin Jatau.

Marigayi ya bar aiki ba da son ransa ba, ba kuma wanda ya yi masa godiya. Bayan an raba jihohi aka ce mu 'yan Jihar Sakkwato ne, sai aka zo faɗaɗa hanyar kasuwa. Wasu leburori suka tone shi kamar rogo, suka mirgina shi bayan rumfunan mahauta. An riga an buɗe wani wurin jefa wasiƙa, ba wanda ya neme shi. Ya kwanta a juji, ungulu suna sauka a kansa, yara suna yin abin da yara ke yi a bayan kasuwa. Sama'ila ya rasu a shekarar, Goggo Laure tana takaba, ba ta sani ba. Ranar da ta fita ta gan shi, kai tsaye ta nufi shugaban leburorin ta ce tana so.

“Ɗauka, Goggo,” in ji shi, “kin rage muna aiki.”

Aka ɗora shi a keken shanu, tana biye a ƙasa, rabin unguwa suna biye da ita suna dariya. Ta sa aka haƙa rami a tsakar gidanta, gefen rijiya, aka tsayar da shi. Ta wanke shi da toka. Da yamma sai ga Dikko, wanda shi ma an sallame shi, ya zo ya yi sallama, ya ciro mabuɗin daga aljihu ya ajiye mata a bakin tabarma, ya juya ya tafi.

Nan marigayi ya fara aikinsa na biyu, wanda Goggo Laure ta ce ya fi na fari daraja. Ta toshe bakinsa da tsumma da kakin zuma, ta mayar da cikinsa ma'ajiyar iri. Irin shinkafa a buhu, irin albasa a kwalabe. Ɓera bai shiga, gara ba ta ci, ɓarawo ya duba ya wuce.

Sai ga shekarar fari. Wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Ruwa ya ɗauke, kogi ya janye har yara suna tsallaka shi da ƙafa, gero ya bushe a tsaye. Gidaje suka cinye rumbu, suka cinye awaki, suka juya kan iri. Goggo Laure ta san kanta, ta san zuciyar uwa. Ta kulle Jatau, ta ɗauki mabuɗi ta kai wa Dikko.

“Riƙe wanga, Malam Dikko. Kada ka ba ni sai ruwa ya zuba. Ko na zo ina kuka, kada ka ba ni.”

Ta kuwa je tana kuka. Ba sau ɗaya ba. Dikko ya zauna a ƙofar gidansa, kansa a sunkuye, shi ma cikinsa ba komai.

“Ke kinka ce, Laure. Tahi gida.”

A gidan kuwa akwai autanta, Riskuwa, saurayi mai cin tuwo malmala uku a zaune, yana kwana da ruwan rama a ciki alhali ga buhun shinkafa a tsakar gida, tsakaninsa da shi kaurin ƙarfe kawai. Wata rana da rana tsaka ya ɗauki taɓarya ya yi ta dukan ƙofar Jatau har taɓaryar ta tsage. Ƙofar ko lotsawa ba ta yi ba. Ya zauna a ƙasa yana haki, uwarsa tana kallonsa daga bakin ɗaki. Da ruwa ya dawo, irin da ke cikin Jatau ne aka shuka a gonarsu da gonakin gidaje da dama na unguwar, waɗanda yanzu suke cewa tsohuwa ta haukace a kan ƙarfe. Riskuwa bai tsaya girbi ba. Ya tattara kayansa ya tafi Birnin Kebbi, wurin kawunsa Atiku, koyon zubi.

Game da rashin lafiyar marigayi, gaskiya ne ya ɗan yi fama da tsatsa a ƙafa, kuma jan da aka san shi da shi ya koɗe ya koma kalar goro. Goggo Laure tana shafa masa man gyaɗa, yana samun sauƙi. Wannan ba ciwon ajali ba ne. Ciwon ajali ya shigo gidan ne da ƙafarsa, cikin babbar riga, ranar da Alhaji Atiku ya zo Argungu wani ɗaurin aure ya biyo gaida ita. Ya sha ruwa, ya tambayi lafiya, idonsa yana gefen rijiya. Da zai fita ya tsaya, ya ƙwanƙwasa Jatau da zobensa, ya kara kunne. Ya zagaya shi yana shafawa, yadda mahauci ke taɓa gadon bayan rago.

“Yaya Laure, ƙarhe na na ƙwarai. Yanzu ba a samun irinai. Kin bar shi nan shina cin ƙasa.”

“Ƙasar gidana ta. Shi ci.”

“Aikin Baba Hodi na fa. Gidan maƙera ya kamata shi koma.”

“Gidan maƙera kake tsaye ciki, Atiku. Sauka lahiya.”

Ya yi dariya ya fita. A lokacin kayan waje sun daina shigowa, faya-fayan ƙarfen nan biyu da ke murƙushe hatsi a cikin injin niƙa sun yi wuya, duk mai inji yana neman na gida, masu zubi kuma suna neman tsohon ƙarfe ido rufe. Daga baya aka ji abin da Atiku ya gaya wa Riskuwa: lokacin yaye shi daga koyon sana'a ya yi, amma ba a yaye mai zubi da ƙarfen wani. Ya kawo nasa, ya zuba da hannunsa, a ba shi murhunsa.

Zainabu, 'yar Goggo Laure da ke aure a Ambursa, ta haihu. Tsohuwa ta tafi wankan jego. Kafin ta tafi ta kwashe iri ta ba masu shuka, don damina ta kama, ta bar Jatau a buɗe ya sha iska. Tana can tana dafa ruwan wanka sai wata maƙwabciyarta da ta zo barka ta ce, cikin hira, ashe kin sayar da akwatin nan, na ga Riskuwa da wasu ƙarti sun ɗora shi a a-kori-kura. Goggo Laure ta ajiye ganyen da ke hannunta. Ba ta ɗauki mayafin kirki ba. Ta fita bakin hanya ta tare wani mai babur, ita da ba ta taɓa hawa babur ba, ta ce ya kai ta Birnin Kebbi.

Tun daga bakin layin ta ji. Ba ƙwal ba ne, ba gau ba ne. Wata ƙara ce da bai taɓa yi ba, ƙarar tukunya in ta faɗi. Da ta shiga, Jatau yana ƙasa a tarwatse. Kansa a gefe guda, bakinsa ya rabe, sauran jikinsa gutsattsari kamar an fasa tulu. Injin iska yana ruri, duro yana aman wuta. Riskuwa yana tsaye ba riga, gumi yana zuba, guduma a hannunsa. Da ya gan ta ya saki gudumar.

“Inna.”

“Mi kac ce in ka gan ni za ka ce? Hwaɗi, ina saurare.”

“Ƙarhe na, Inna. Ƙarhe na kawai. Kaka ma narka ƙarhe shika yi, ba bauta mai ba.”

“Kakanka bai taɓa shiga gidan uwatai da ƙarti ba.”

“Mun kwana da yunwa shina kwana da shinkahwa cikinai! Kin manta, ni ban manta ba. Yau dai shi ciyar da ni.”

Ma'aikatan suka yi cirko-cirko. Alhaji Atiku yana zaune a benci a inuwa, yana jan carbi, bai tashi ba. Riskuwa ya juya da sauri ya shiga wata rumfa, ya fito rungume da wani abu a nannaɗe cikin buhu. Ya buɗe. Ƙofar ce. Sun yi ta dukanta ta ƙi fashewa, don ita ba zubi ba ce, ƙira ce, sai suka kwance ta. Ya goge ta, har mai ya shafa mata. Ya durƙusa ya ajiye a gaban uwarsa.

“Ga ta, Inna. Ita ta aikin Kaka. Na aje miki. Sauran na Turawa na.”

Goggo Laure ta dubi ƙofar a ƙasa, ɗigo ukun suna kallon sama, kowa yana gani. Ta dubi ɗanta a durƙushe. Abin da ya taso mata ya fi ƙarfin bakinta.

“Ƙohwa ba ɗaki, mi za ni ruhewa da ita? Tunda kun ci jiki, ku haɗa da ita. Ku sa ta wuta!”

Ta faɗa ne don ta san ba jinin Hodi da zai iya. Kuma Riskuwa bai iya ba, ko motsi bai yi ba. Alhaji Atiku ne ya sa carbinsa a aljihu, ya tashi a hankali, ya ɗauki awartaki, wanda ta gane tun daga nesa na mahaifinta ne, ya kama ƙofar.

“Kun dai ji da kunnenku,” ya ce wa yaransa. “Mai abu ta ba da.”

Ya zura ta a bakin duron yana kallon idon Goggo Laure. Ta daɗe ba ta narke ba. Waɗanda ke wurin sun ce sai da aka ƙara mai. Goggo Laure ta tsaya har ta daina ganin ta, sannan ta juya ta fita. Riskuwa ya biyo ta yana kira, ba ta waiwaya ba. Wannan shi ne lokacin rasuwar, kuma ta ce a rubuta cewa marigayi bai yi kuka ba.

Ya rasu ya bar Goggo Laure, wadda ta riƙe masa wuta ranar da ya samu ƙirji. Ya bar Malam Dikko, abokin aikinsa, wanda ido ya yi wa rauni, da aka gaya masa ya ce a daina yi masa wasan banza. Ya bar mabuɗi guda, maraya, ba abin da zai buɗe a duniya. Ya bar rami a gefen rijiya wanda kaza ta riga ta fara ƙwai a ciki. Ya bar jikoki da tattaɓa-kunne na shinkafa a fadama, ba su san shi ba, ba kuma za su zo gaisuwa ba. Akwai wani Alhaji a Birnin Kebbi da zai so a sa sunansa cikin dangin mamaci. Ba a sa ba.

Ya kuma bar waɗansu da ba a san sunan da za a kira su ba. Daga narkakken jikinsa Riskuwa ya zuba faya-fayan injin niƙa, aka ce sun yi kyau ƙwarai, har aka yaye shi aka ba shi murhu. Aka rarraba su Jega da Kalgo da wasu garuruwa. Biyu daga ciki kuwa, don duniya ba ta da kunya, Tamba mai injin niƙa ne ya saye su, wanda rumfarsa ke bayan katangar Goggo Laure. Shi bai san komai ba, har leƙowa ya yi yana murna ya ce mata ya samo aikin ɗanta. Yanzu kullum da sassafe, in ya tayar da inji, tana jin su suna cizon juna. Dattijon da ya yi shekaru bai ɗaga murya ba, ga shi an sa shi ihu a kan dawar kowa. Tun ranar ba ta ƙara aika hatsinta inji ba. Ta jawo turmi. Mace mai jikoki, kafaɗa tana ciwo, tana daka da hannu, maƙwabta suna leƙe ta katanga.

Game da jana'iza, an tuntuɓi Malam Abdussamadu, limamin unguwa, ya ce ba a yi wa ƙarfe wanka, ba a yi masa salla, kuma ya kamata Goggo ta ji tsoron Allah ta yafe wa ɗanta. An ji na farko da na biyu. Na ukun ana dubawa.

Ba za a haƙa kabari ba, don ba gawa. Tamba ya ce faifan inji ba ya wuce 'yan watanni yake cinyewa, kullum yana raguwa kaɗan-kaɗan yana bin gari. Saboda haka binnewar ta riga ta fara, kuma za ta ci gaba kowace safiya har ya ƙare, a cikin tuwon mutanen Argungu. Duk wanda yake cin abinci ya ji wani abu ya yi masa ƙaras a haƙori, kada ya zagi mai tuƙi, kada ya tofar. Ya haɗiye, ya yi shiru kaɗan. Ya halarta ke nan.

Za a zauna karɓar gaisuwa a gidan Goggo Laure, unguwar maƙera, gefen rijiya, daga bayan la'asar. Mata su zo da taɓarya, akwai aiki. Ba a bukatar goro, ba a bukatar nasiha. Wanda ya san zai ce ai ƙarfe ne kawai, ya yi zamansa a gida, an riga an faɗa, kuma wanda ya faɗa ya fi shi kusa.

Riskuwa ya aiko sau da dama yana tambaya ko zai iya zuwa. Goggo Laure ta ce a gaya masa ta wannan sanarwa cewa uwa ba ta rufe wa ɗanta gida. Ya zo ranar da ya ga dama, amma ya aiko tun da safe. A ranar, sau ɗaya tak, za ta auni dawa ta kai injin Tamba da kanta. Za ta tuƙa masa tuwo da hannunta, mai yawa, da miyar kifi yadda yake so tun yana yaro. Za ta ajiye masa a bakin ramin, ta zauna a gabansa, ba za ta tashi ba sai ta ga ya cinye.